Asirin Aznan Adar yana kwance cikin kufai

Duk wanda ya taɓa noma a ƙasar Adar, daga Bambeye zuwa Tawa har duwatsun Keita, ya san irin abin da hauya kan tono a farkon damina: tsingaro, kashin maƙera mai baƙi da nauyi, wani lokaci har tukunya sukutum. Manomi kan ture su gefe ya ci gaba da aikinsa. In kuwa abin ya yi kyaun gani, ba a rasa dillalin da zai taya jika biyu ko uku ya wuce da shi. Mai saye da mai sayarwa sun ga ciniki ya faɗa, amma tarihin Adar ya yi hasarar shaida tun ba ta buɗe baki ba.

Tun kafin Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya ci Adar a shekarar 1674, ƙasar tana da masu ita. Su ne Azna, manoma da mahalba da maƙera, waɗanda malam Djibo Hamani ya ba da labarinsu cikin littafinsa na tarihin Adar a 1975. Tarihin baka yana kiran na farkonsu Aznan ramu, domin an ce cikin kogunan dutse suka zauna. Kowane dangi yana da iskokin da ya gada da wurin da yake yi musu yanka, gindin itace ko dutse ko bakin kogo. Dattijon gida ne ke riƙe da asirin, ba ya kuma miƙa shi sai ga wanda zai gaje shi. Ba su bar littafi ba. Da Musulunci ya game ƙasa, jikoki suka bar tsafi, kalmomin da ake faɗi wurin yanka suka bi masu su kabari.

To, addinin da bai bar rubutu ba, ta yaya na baya za su san shi? Ƙasar Turai ta gamu da wannan tambaya, ta kuma sami amsa cikin ƙasa.

A daular Rum, daga ƙarshen ƙarni na 1 zuwa ƙarni na 4 na Miladiyya, an yi wani addinin asiri na bautar wani abin bauta mai suna Mitra. Maza zalla ne ke shigarsa, akasarinsu sojoji da ƴan kasuwa da ma'aikatan duwan. Ba a shiga sai an yi wa mutum wata irin girka, sannan ya riƙa hawa matakai 7, daga Hankaka, ya bi ta Soja da Zaki, har ya kai Uba. Ko littafi ɗaya nasu bai iso hannun mutanen yau ba. Duk da haka an san ɗakunan tsafinsu sarai, domin an tono su: ƙuntataccen zaure mai duhu wanda su da kansu suke kira kogo, dakali hagu da dama inda ake kishingiɗa a ci abinci, can ƙurya kuma siffar Mitra yana soke bijimi. An sami irin wannan ɗaki a Landan a 1954, akwai kuma wani a Lambez, tsohon barikin sojan Rum kusa da Batna ta Aljeriya.

Darasi mafi girma ya fito daga Tienen, wani ƙaramin gari na Beljik. A 1998 masu bincike sun tono ɗakin Mitra a can, kusa da shi kuma suka iske ramukan da aka zuba shara. Ba zinariya ciki, sai fasassun kwanoni da ƙasusuwa. Da aka ƙidaya, aka iske ƙasusuwan kaji sama da 200, kusan duka zakaru, tare da na ƴan raguna da ƴan aladu. Haƙoran ƴan dabbobin suka nuna watanninsu, daga nan aka gane cewa wajen ƙarshen watan Yuni aka yanka su, lokacin da yini ya fi tsawo a ƙasarsu. Da haka aka san cewa a ƙarni na 3 an yi wata babbar walima ta rana guda wadda babu marubucin da ya ambace ta. Babu dillalin da zai sayi ƙashin zakara, amma shi ya tona asirin, domin an same shi inda masu shi suka bar shi.

Adar ma tana da irin wannan shaida. Wurin da dangi ya yi shekaru aru-aru yana yanka ba ya rasa ƙashi da toka da tsingaro, kuma gawayi ɗan kaɗan ya isa a auna shekarun wuri. Tulin kashin maƙera shi ma yana magana. A cikin shekarun 1960 Nicole Echard, Bafaranshiyar da ta daɗe tana bincike a Adar, ta ɗauki maƙeran ƙasar a sinima suna narka tama, ta nuna cewa a wurinsu aikin tamkar aure ne da haihuwa, da sharuɗɗa da hani. An daina narka tama, amma inda aka yi aikin yana nan.

Abin da ya faru a Bura, cikin ƙasar Tera, ya isa ishara. An gano wurin a 1975, a 1983 kuma malam Boubé Gado na cibiyar bincike ta IRSH ya tono shi bisa ƙa'ida, ya iske tulunan maƙabarta sama da 600, har da sanannen mahayin dokin nan na laka. Bayan an nuna kayan a Paris a 1993, masu tonon ɓoye suka afka wa yankin, har a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda sata ke barazanar ƙarar da su. Tulun da aka tono da dare ya rasa sunan garinsu da shekarunsa, ya zama kayan ado kawai a falon wani attajiri.

Dokar Nijar mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta kare kayan tarihin ƙasa, ta hana tono da fitar da su ba da izini ba. Sai dai doka ba ta da ƙafa. Ɗan kasuwar da aka kawo wa tsohuwar tukunya yana iya ƙin saye. Mushen lakkol da malamin gona da mai gari, su ne ke fara jin labari in an tono wani abu, su ke iya cewa a bar shi inda yake a sanar da hukuma. Mai kula da aikin hanya ko ɗibar tsakuwa yana iya tsai da mota yini guda. Kiyaye kufan Azna ba komawa tsafi ba ne. Sanin inda kakanni suka fito ne, kuma wanda ya sayar da kufan gidansu, me zai nuna wa jikansa ran da ya tambaye shi?