Matsalar Sabis A Ƙasar Daura: A Daina Cinikin Biri A Sama

Ya 'yan'uwa masu karatu, sanin kowa ne cewa wayar hannu ta daɗe da fita daga sahun kayan ƙawa ta shiga sahun kayan larura. Da ita ake kiran mai mota idan naƙuda ta tsananta wa mace cikin dare, da ita mai sayar da dabba ke karɓar kuɗinsa a kasuwar Mai'aduwa, da ita kuma ɗan ci-rani da ke Legas ko Fatakwal ke aiko wa iyayensa kuɗin cefane. Amma duk da haka, a ƙauyuka da dama na ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, wato Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Baure, akan ga magidanci ya hau tudu ko ya tsaya a kan katanga yana ɗaga waya sama don neman sabis, alhali kuwa ya biya kuɗin katinsa bai rage ko kwabo ba.

Matsayinmu a kan wannan al'amari shi ne: babu wani kamfanin waya da ya fi kowa kyau a ko'ina, don haka wajibi ne kowa ya zaɓi layi da hujjar abin da ya gwada a inda yake kwana da inda yake neman abinci, sannan idan ya biya kuɗi aka tauye masa mudu, ya nemi haƙƙinsa ta hanyar da doka ta tanada. Sayen layi don an ji talla a rediyo, ko don shi ne na maigida da na aboki, cinikin biri a sama ne.

Inda aka fito

Kafin shekarar 2001, layukan waya da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, mafi yawansu na NITEL ne, kuma a manyan birane suke. A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, a watan Agusta na wannan shekara kuma Econet da MTN suka fara aiki. A wancan lokaci kiran minti ɗaya naira 50 ne, ko da mutum bai cika mintin ba. Sai da Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa sannan sauran suka bi sahu ala tilas. Etisalat ya zo a 2008, ya koma 9mobile a 2017. Shi kuwa Econet ya yi ta sauya hannu da suna, daga Vmobile zuwa Celtel zuwa Zain, har ya zama Airtel a 2010.

Akwai darasi a cikin wannan tarihi. Abin da ya sauko da farashi a 2003 tsoron rasa masu saye ne, domin da mutane suka sami wani wurin zuwa, nan da nan abin da ake cewa ba zai yiwu ba ya yiwu. Kamfani yakan gyara aikinsa ne a inda ya san cewa mai saye yana iya juya masa baya.

Me ke kawo raunin sabis?

Ya kamata mu fahimci yadda abin yake aiki, don kada mu riƙa ɗora laifi a inda ba nan yake ba. Wayar da ke hannunka tana magana ne da turken sadarwa mafi kusa, wanda jama'a ke kira ƙarfen sabis, kuma gwargwadon nisanka da shi gwargwadon raunin saƙon da ke iso maka. Katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano suna ƙara rage shi, shi ya sa akan samu sabis a tsakar gida a rasa shi a ƙuryar ɗaki. Har ila yau zangon da kamfani ke watsa saƙonsa a kai yana da tasiri: ƙananan zanguna irin su 800 da 900 sun fi cin nisa da ratsa bango, manyan kuwa irin su 2100 da 2600 sun fi ɗaukar kaya amma ba sa nisa. Saboda haka ne ake iya yin kira lafiya lau a ƙauyen da intanet ba ya motsi.

Na biyu shi ne cunkoso. Kowane turke yana da iyakar mutanen da zai iya ɗauka a lokaci guda. Ranar kasuwa, ko ranar hawan Salla a Daura, sai ka ga sandunan sabis a cike a fuskar waya amma kira ya ƙi shiga, domin sandunan nan ƙarfin saƙo kawai suke nunawa, ba sa nuna yawan masu turereniya a kan hanyar.

Na uku shi ne wuta. Turakun karkara sun dogara ne da janareta da batura, wasu da na'urar hasken rana. Idan man gas ya ƙare, ko ɓarayi suka kwashe batura, gari duka sai ya yi tsit. Na huɗu kuma shi ne yankewar igiyar sadarwa da aka binne a gefen hanya, wadda masu aikin titi kan tsinke da motar haƙa. Wani lokaci ma matsalar daga nesa take zuwa, kamar yadda aka gani ranar 14 ga Maris 2024, da manyan igiyoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta, bankuna suka shiga wahala.

Halin mutanen bakin iyaka

Mai'aduwa da Zango da Baure duk suna iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma wannan ya ƙara musu wasu matsaloli na daban. A watan Nuwamba na 2019, lokacin da iyakokin ƙasa suke a rufe, hukumar kwastan ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa, ALTON, ta kai kuka a lokacin cewa wannan umarni zai hana kai mai ga turakun da ke waɗannan yankuna. Wannan ya nuna mana cewa hukuncin da aka yanke a Abuja don maganin fasa-ƙwauri yana iya kashe wayar talakan Kwangwalam ko na Babban Mutum wanda bai taɓa sayar da ko kwalbar mai ba.

Bugu da ƙari, saƙon rediyo bai san iyaka ba. Wayar mutumin da ke zaune a ƙauyensa cikin Nijeriya tana iya kama turken wani kamfanin Nijar idan shi ne ya fi ƙarfi, sai a caje shi kuɗin wanda ya fita ƙasar waje alhali yana ƙofar gidansa. Maganin wannan shi ne ya shiga saitin wayarsa ya zaɓi kamfaninsa da hannu, kada ya bar wayar ta zaɓa masa. Fataken da ke zirga-zirga zuwa Magarya da Matamaye da Damagaram kuwa, ya fi musu sauƙi su riƙe layin can daban. Kada sunan kamfani ya ruɗe su, domin ko da suna ɗaya ne a ƙasashen biyu, lasisi da farashi kowace ƙasa da nata.

Wanda yake ganin rashin sabis ƙaramin abu ne, ya tambayi 'yan'uwanmu na kudanci da yammacin jihar nan. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara da Funtuwa. Ƙasar Daura ba ta cikin waɗanda aka rufe, amma kowa ya ji yadda mutane suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa wani gari don kawai su buga waya. Haka kuma a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ciniki ya koma kan taransifa da na'urar POS, wanda ba shi da sabis mai kyau ya ga tasku. Abin da wasu suka ɗanɗana na 'yan watanni, shi ne wasu ƙauyukanmu ke ɗanɗana kullum ba tare da an sanar a rediyo ba.

Yadda ya kamata a zaɓi layi

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Kafin ka sayi layi, ari wayoyin maƙwabta masu layuka daban-daban, ka gwada su a cikin ɗakin da kake kwana, da gona, da rumfar kasuwarka. Ka gwada da safe, ka sake gwadawa bayan isha'i lokacin da kowa ke kan waya, ka kuma gwada ranar kasuwa. Kada ka tsaya kallon sanduna: buga kira na 'yan mintoci ka ji ko zai yanke, ka buɗe intanet ka ga ko zai tafi. Masu POS na garinku sun fi kowa sanin layin da ke aiki, tunda abincinsu a kansa yake, don haka shaidarsu ta fi ta allon talla nauyi.

Sannan kowa ya dubi buƙatarsa. Dattijon da kira kawai yake yi, layin da ya fi ratsa ɗaki shi ne nasa, kuma sau da yawa mayar da waya kan 2G yakan daidaita masa kira. Ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ko na jami'ar sufuri da ke Daura, wanda karatunsa ke buƙatar intanet, shi 4G zai auna. Garaɓasar da aka ba ka a layin da ba ya aiki a garinku, kamar kyautar rijiya ce a garin da ba za ka je ba. Gidan da ke da hali ya riƙe layuka biyu na kamfanoni daban, don idan ɗaya ya ɗauke cikin dare a sami mafita. A kuma lura cewa idan taransifa ta maƙale, wani lokaci laifin na banki ne, don haka a bincika kafin a yar da layi.

Mutane da yawa suna haƙuri da layin da ba ya musu amfani don tsoron rasa lambar da dangi da abokan ciniki suka sani. To, tun watan Afrilu na 2013 NCC ta ba kowa damar sauya kamfani ba tare da sauya lamba ba. Mutum zai je ofishin kamfanin da yake son komawa da shaidarsa ta ɗan ƙasa, ya cike takarda, ya aika kalmar PORT zuwa 3232, a ba shi sabon sim mai ɗauke da tsohuwar lambarsa. Ba a biyan kuɗin sauyin, sai dai ragowar kati da data ba sa bin mutum, don haka ya cinye su kafin ya tashi.

Neman haƙƙi

Wani zai ce, ai kamfanonin nan 'yan kasuwa ne, ba za su kafa turke a ƙauyen da ba zai mayar musu da kuɗinsu ba. Wannan magana gaskiya ce, kuma saboda ita ne dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF, wanda aikinsa shi ne tallafa wa kai sadarwa yankunan da riba ba za ta kai ta ba. Tambayar ita ce, ƙauyuka nawa ne a ƙasar Daura suka taɓa rubuta takarda ta hannun dagaci da hakimi da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarsu suna neman a sa su cikin wannan tsari? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, idan kuwa bai faɗa ba, babu mai hawa rufin.

A watan Janairu na 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, bisa hujjar tsadar aiki da alkawarin inganta shi. Tunda mun biya ƙarin, muna da bakin tambayar ingancin. Hanyar kuwa a fili take: a fara kiran kamfani a lamba 300, a karɓi lambar ƙorafi a rubuta ta, idan ba a gyara ba a kira NCC kyauta a 622. Kada wani ya ɗauka hukumar ba ta taɓa hukunta kowa ba, domin a 2012 ta ci tarar manyan kamfanoni huɗu naira biliyan 1.17 saboda rashin ingancin aiki. Amma ƙorafin mutum ɗaya a majalisar shayi ba ya zuwa ko'ina. Abin da ke tasiri shi ne unguwa ko ƙauye su ware mutum biyu masu rubutu, su riƙa rubuta ranar da sabis ya ɗauke da sa'ar da ya dawo har tsawon wata guda, sannan magidanta su sa hannu a aika. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ƙarshe, akwai nauyin da ke wuyanmu mu ma. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, amma dokar da ke kan takarda ba ta gadin janareta da tsakar dare. Wanda ya saci batir ko man turke, da wanda ya saya a hannunsa da arha, duk sun yi tarayya wajen yanke wa gari hanyar kiran taimako. Bai dace al'umma ta san ɓarawon ta rufe shi, sannan da safe ta zauna tana zagin kamfani ba.

Don haka muna kira ga masu unguwanni da dagatai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da matasa masu ilimi a faɗin masarautar Daura da su ɗauki wannan aiki tun daga wannan wata: a gwada layuka a sanar da jama'a sakamakon, a taimaka wa dattawa wajen sauya kamfani idan sun so, a rubuta ƙorafi a bi sawunsa, a kuma tsare turakun da ake da su. Allah ya sa mu dace, amin.