Birnin da Ke Cin Garba Yana Korar Garba

Duk wanda ya taɓa zama Abijan ya san garba: aceke, wato tsakin rogo da aka turara, da soyayyen kifin tuna, da yankakken barkono da albasa. Shi ne karin kumallon ɗalibi, shi ne abincin ranar makanike da ɗan sanda da akawu. Abin da aka fi faɗa game da asalin sunan shi ne daga 'yan Nijar masu sayar da shi ya samo, don Garba ya yi yawa a cikinsu. To, jama'a, ga tambayata: ina Garba yake kwana?

Amsar tana nan a Adjame da zarar dare ya raba. A bi ta gefen kasuwa, a ratsa tashoshin mota, a shiga lungunan Bracodi, unguwar da ta ci sunan wani kamfanin giya amma ta zama masaukin baƙi daga arewa. Za a tarar da mutane a jere kan kwali a barandar shaguna, wasu kan teburin da suka yi ciniki a kansa da rana, wasu cikin rumfar leda da katako. Akasarinsu da asuba za su yi alwala su kama aiki: dako, turin amalanke, gadi, wankin takalmi, tallan albasa. Ma'aikatan birni ne waɗanda birni bai ware musu wurin kwana ba. Kuma maganin da hukuma ta zaɓa, wato katafila, ƙara yawansu yake yi.

A duba abin da ya faru a 2024. A watan Disamban 2023 aka naɗa Ibrahim Cisse Bacongo gwamnan Abijan. Daga Janairu, lokacin da ƙasar ke karɓar baƙin gasar cin kofin Afirka, wadda ta ƙare ranar 11 ga Fabrairu da Kodebuwa ta doke Nijeriya da ci 2 da 1, aka shiga rusau. Hukuma ta lissafa wurare 176 da ta ce suna cikin haɗarin ambaliya da zaftarewar ƙasa. Aka rushe Gesco a Yopougon, aka rushe Boribana a bakin ruwa a Attecoube, aka rushe Banco 1, har da makarantu a tsakiyar shekarar karatu. A watan Afrilu aka haramta bara, da talla a manyan tituna, da turin amalanke. A farkon Yuni, ana cikin marka kuma Babbar Sallah saura kamar mako biyu, aka afka wa unguwar mayanka ta Port-Bouet, inda fataken dabbobi daga Sahel suka daɗe suna sauka. A watan Yuli aka kai ga tsohon ƙauyen Adjame saboda titin gada ta huɗu. Ƙungiyar Amnesty International ta ce dubun-dubatar mutane abin ya shafa. Sai a watan Nuwamba aka sanar da dakatar da rusau, bayan aikin gama ya gama.

A lura da yadda matakan suka biyo juna. An rushe wa mutum ɗaki, sannan an hana shi sana'ar da zai tara kuɗin kama wani, sannan an hana shi roƙo. Me ya rage masa? Wanda ya ɗaure akuya ya hana ta ciyawa, ba shi da bakin cewa ta cika kuka.

Masu goyon bayan rusau suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa ruwa yana kashe mutane a Abijan. Gaskiya ne. A watan Yunin 2018 ambaliyar dare ɗaya ta kashe mutum kusan 20, kuma kusan kowace damina sai gangare ya zaftare a kan wasu gidaje a Attecoube ko Yopougon. Ba mai hankalin da zai ce a bar yara su kwana ƙarƙashin tudun da zai rufta musu. Amma in don ceton rai ake yi, me ya sa ake farawa da rushewa kafin tsugunarwa? Iyalin da aka fitar daga gangare aka bar su kan ɓaraguzan gidansu ƙarƙashin tamfol, cikin ruwan Yuni, an raba su da haɗari ɗaya an miƙa su ga sauro da zawo da ɓarayi. Wasu kuma suna kwasar kwanonsu da katakonsu su koma wani gangaren da katafila ba ta iso ba tukuna. Gudun gara ke nan, an faɗa gidan zago.

Sai a ce ai an ba da tallafi. A watan Maris na 2024 gwamnati ta yi alƙawarin Sefa 250,000, jaka 250 ke nan, ga kowane gida a Gesco da Boribana, kuma a watan Agusta Amnesty ta ce dubban iyalai suna jira har lokacin. Mu ɗauka ma an biya kowa. Dokar haya ta 2018 ta yarda mai gida ya karɓi kuɗin wata biyu na kafin alƙalami da wata biyu na ajiya, ga la'adar dillali wadda yawanci wata guda ce. In ɗaki jaka 50 ne a wata, wata biyar jaka 250 cif. Ranar da aka miƙa wa mutum makulli, ranar kuɗin ya ƙare. Mafi ƙarancin albashi kuwa jaka 75 ne tun Janairun 2023, ga wanda ya yi sa'ar samun aikin albashi. Mai turin amalanke bai ma san wannan lissafi ba. Da wannan kuɗi, a birnin da ƙidayar 2021 ta ce ya haura mutum miliyan 5 da rabi, ina talaka zai zauna in ba a bakin kwata ba?

Hujja ta uku ita ce wadda ake faɗa ƙasa-ƙasa: ai baƙi ne, su koma ƙasarsu. Da farko, 'yan ƙasa da yawa suna cikin waɗanda aka rushe wa gidaje. Katafila ba ta duba katin shaida. Na biyu, a tambayi tarihi wa ya gina Abijan. Lokacin da Turawan Faransa suka mai da ita babban birni a 1934, sun keɓe wa kansu Plateau, suka tura baƙar fata Adjame ta arewa da Treichville ta kudu, a tsibirin Petit-Bassam, tsallaken tafkin Ebrie. Da aka haƙa mashigin Vridi a 1950 aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951, wuyan wa ya ɗauki buhunan koko da kofi? Na 'yan ci-rani daga Nijar da Mali da Haute-Volta, wadda yanzu ake kira Burkina Faso. Fim ɗin Jean Rouch na 1958, «Moi, un Noir», rayuwar 'yan dakon Nijar a Treichville ya nuna, kuma tauraronsa, Oumarou Ganda, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu shirya fim na Nijar. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 22 cikin 100 na mazauna Kodebuwa ba 'yan ƙasa ba ne, kuma da yawansu a nan aka yanke musu cibiya. Wanda aka haifa a Bracodi, aka haifi ubansa a Treichville, wane gida ake nufi ya koma?

Mu da ke karanta Hausa mun san wannan labari daga wani tsibirin. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe Maroko a Legas, aka kiyasta mutum 300,000 suka rasa matsuguni, da hujjar cewa wurin ƙasa yake da teku kuma ba shi da tsafta. Yau a je a ga irin gidajen da suka tsiro a wannan ƙasa, kusa da Victoria Island, a tambayi farashinsu. Ƙasar da ta yi haɗari ga talaka, da aka cike ta da yashi sai ta yi lafiya ga mai kuɗi. Shi ya sa duk wanda aka ce masa ya tashi don lafiyarsa yake da haƙƙin ya tambaya: bayan na tashi, wa zai zauna?

Yanzu bari in juyo gida, don laifin ba na hukuma kaɗai ba ne. Hausawa ne suka kai al'adar zango ko'ina a Afirka ta Yamma, daga Salaga da Kumasi har Abijan. A tsarin fataken goro na da, baƙo ba ya kwana a titi. Akwai mai masauki: shi zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a ciniki, in ya rasu ya yi masa sutura. Ina wannan tsari yau? Muna da alhazai a Adjame da Treichville waɗanda tirelolin albasarsu ke zuwa daga Galmi, waɗanda ba sa fashin Umara, amma yaran da ke sauke musu buhu a ƙofar sito suke kwana. Muna da sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyi masu rawani da hatimi, waɗanda ba a rasa su a wajen walima, amma ranar da katafila ta zo sai wayarsu ta ƙi shiga. Alhaji, in yaronka yana kwana a kan kwali, kai ma kana cikin masu korar Garba, ko da ba ka taɓa hawa katafila ba.

Abin da ake nema ba ya fi ƙarfin kowa. Daga hukuma: kada a rushe ɗaki sai an ƙidaya mutanen cikinsa, masu haya da masu gida, ɗan ƙasa da baƙo, an nuna musu inda za su koma, kusa da inda suke neman abinci. Kada a yi rusau da damina ko a tsakiyar shekarar karatu. Kodebuwa ta amince tun 1992 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin tattalin arziki da zamantakewa, wadda ta ƙunshi haƙƙin muhalli. A cika alƙawari kawai. Daga gare mu kuma: kowace ƙungiyar 'yan kasuwa ta kama gida ɗaya na saukar baƙi, a rubuta sunayen mutanenmu don kada a tsallake su ranar rabon diyya, a tara kuɗin lauya tun kafin a ga jan fenti a bango. Masallatan da ke tara sadaka kowace Juma'a su ware wani kaso na kuɗin haya. Ofisoshin jakadancin Nijar da Nijeriya su riƙa zuwa wurin da ƙafarsu.

Birni yana da ikon ya yi kyau, ya gina gada, ya share kwata. Amma kyawun da aka saya da barcin ma'aikaci bashi ne, kuma ranar biya tana nan tafe. Gobe da safe, in ka tsaya layin garba, ka tambayi mai zuba maka inda ya kwana. Allah ya rufa mana asiri, ya ba shugabanni ikon tausaya wa na ƙasa da su.