Filin Lafiyar Iyali: In Gwiwa Ta Yi Ƙas

Da zarar an gama kaka, samarin Toranke da sauran ƙauyukan Ajingi da Gaya sukan koma fagen kokawa da langa da ƙwallo. A lokacin nan ne akan yawan ji an ce wane ya yi targaɗe a gwiwa. Iyaye, ku lura, ba kowane targaɗe ne ƙarami ba.

Gwiwa ba ta da gurbi mai zurfi kamar ƙugu. Ƙashin cinya yana zaune ne kawai a bisa ƙashin ƙwauri, manyan jijiyoyi 4 kuwa suna riƙe da su kamar igiyoyin rumfa. Biyu suna gefe da gefe, suna hana ƙafa kaucewa ciki ko waje. Biyu suna can tsakiya, sun gitta juna, suna hana ƙwauri zamewa gaba ko baya.

A cikin na tsakiyan, ta gaba ce ta fi tsinkewa. Wannan yakan faru sa'ad da yaro ya kafa ƙafarsa a ƙasa, jiki ya juya, tafin ƙafa bai juya ba. Sai ya ji ƙas, kafin dare gwiwa ta kumbura da jini. Bayan 'yan makonni zafi ya tafi, a ce ya warke. Amma in ya juya da sauri, sai gwiwar ta sulluɓe masa. Kowace sulluɓewa tana cin guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa, har amosanin gaɓa ya kama shi tun bai tsufa ba.

Jijiyar gefen ciki takan warke da kanta in an huta. Ta tsakiya kuwa jini kaɗan ke kai mata, saboda haka in ta tsinke ɗungum da wuya ta haɗu. Ja da murzar mai ɗori ba za su haɗa ta ba, gama ba ƙashi ne ya karye ba. Ko hoton ƙashi ba ya nuna ta.

To, ina abin yi? Yaron ya bar wasa nan take. A sa tsumma mai ruwan sanyi ko ƙanƙara, a naɗe gwiwa ba da tsanani ba, a ɗaga ƙafa bisa matashi. In ta kumbura a ranar, ko ya kasa takawa, a kai shi asibiti. Daga can za a iya tura shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959. Waɗansu motsa jiki mai ƙarfafa naman cinya ya ishe su, waɗansu sai an yi aiki. Wanda aka yi wa aiki yakan jira wajen wata 9 kafin ya koma fage. Kada abokai su zuga shi ya yi gaggawa.

Sai wata mai zuwa.