Takobi a hannunsu, kujera a hannun wasu: me ke hana zakarun wasanninmu shugabanci?

A cikin kwana takwas na watan Maris na 2025 an yi zaɓe biyu da ya kamata mai son wasanni a Nijar ya tsaya ya duba. Ranar 12 ga watan, a birnin Alƙahira, Kanar-Manjo Djibrilla Hima Hamidou, wanda aka fi sani da Pele, shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar a lokacin, ya samu kujera a majalisar gudanarwar FIFA, a zaɓen da Amaju Pinnick na Najeriya ya rasa tasa. Ranar 20 ga watan kuma, a ƙasar Girka, Kirsty Coventry 'yar Zimbabuwe ta lashe shugabancin kwamitin Olamfik na duniya da ƙuri'a 49 cikin 97 tun a zagayen farko. Ita ce mace ta farko, kuma mutum na farko daga Afirka, da ya hau wannan kujera.

Dukansu biyu abin alfahari ne ga nahiyar, amma hanyar da kowannensu ya biyo daban take. Coventry daga cikin ruwa ta fito. Ta ci lambobin Olamfik bakwai a ninƙaya, biyu daga ciki na zinariya, a 2004 da 2008, kuma tana cikin gasa ta yi karatu a jami'ar Auburn da ke Amurka har ta samu digiri. A 2018 ta zama ministar wasanni ta ƙasarta. Pele kuwa hafsan soja ne, ya karɓi hukumar ƙwallon ƙafa a 2009. Ba a hana shi nasa: a zamaninsa Mena ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013, Nijar ta karɓi baƙuncin gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015 da ta 'yan ƙasa da 20 a 2019. A zamaninsa ne kuma Mena ta koma karɓar baƙinta a Maroko saboda filin wasa na Seyni Kountché bai cika sharuɗɗan CAF ba. Abin tambaya shi ne, me ya sa a ƙasar nan kujerun wasanni suka fi faɗawa hannun masu kaki da 'yan siyasa, waɗanda suka sha ƙurar fili kuma ba safai ake ganinsu a inda ake yanke shawara ba?

A Arewa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, ba a buƙatar a gaya wa mutum darajar kokowa. Da an gama girbin gero, ganga ta tashi, gari ya gayyaci gari, daga Matankari zuwa Gecheme. Jihar Dosso ta jima tana cikin manyan gidajen kokowa. Filin kokowar birnin Dosso sunan Salma Ɗan Rani yake ɗauke da shi, kuma Kadri Abdou, wato Issaka Issaka, wanda ya ɗauki takobi har sau shida, da sunan jihar Dosso ya ɗauka. Gasar takobin kanta, da aka fara a Tawa a 1975 zamanin Seyni Kountché, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko, ita ce taron da ke tsayar da ƙasa cak: jihohi takwas, 'yan kokowa goma goma, rediyo a kunnen kowa, har 'yan bida da ke Kwatano da Abijan suna bi ta waya.

To amma a dubi rayuwar yaron da ya tashi da ƙarfi a wani ƙauyen Dallol Mawri. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku hanya take rabe masa gida biyu. In ya bi lakwal, sai ya bar ƙauye ya tafi inda kwaleji take, ya zauna a gidan dangi, kuma babu wanda zai tambaye shi kokowa a can, don ba ta cikin abin da ake ba maki ko tallafin karatu. In ya bi fili, lokacin da kokowa ke kankama shi ne daidai lokacin da makarantu suka koma, ga kuɗin kari da 'yan kallo ke liƙa masa yana shigowa nan take, karatu kuwa ribarsa sai bayan shekaru. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa a fili ba. Iyaye da yawa, har da 'yan boko, suna yi wa kokowa kallon harkar layu da bokaye da maroƙa. Za su zauna gaban talabijin su yi ta ihu in ɗan jiharsu ya yi kaye, amma ɗansu mai shirin jarrabawar bak bai isa ya ɗaura walki ba.

Sakamakon haka, zakara yakan gama zamaninsa da suna, da mota ko gida in ya yi sa'a, amma ba shi da takarda. Ita kuwa kujerar hukuma takarda take ci: kasafin kuɗi, yarjejeniya da kamfanonin waya masu ɗaukar nauyin gasa, dokokin alƙalanci, wasiƙu da Faransanci zuwa ma'aikata. Sai a kira tsohon sarki ya zauna a rumfar manya ranar buɗe gasa, a tafa masa, a shiga ɗaki a yi lissafi ba da shi ba.

Ba kokowa kaɗai ba ce. Lambobin Olamfik biyu kacal Nijar ta taɓa ci: tagullar Issaka Daboré a dambe a Munich a 1972, sai azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a taikwando a Rio a 2016, bayan shekara 44. Alfaga ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu a 2017. A Jamus ya samu horon da ya kai shi can, abin da ke nuna cewa ko mai hazaƙa irin tasa sai ya bar gida kafin ya samu tsarin da zai riƙe shi.

Akwai ƙasar da ta taɓa zama da irin wannan matsala da wasanninta na gargajiya, wato Ailan. A 1884, lokacin tana ƙarƙashin mulkin Ingila, wani malamin makaranta mai suna Michael Cusack da abokansa suka kafa ƙungiyar GAA a garin Thurles don ceto wasannin ƙasar: hurling, wanda ake bugawa da sanda da ƙaramar ƙwallo, da wata ƙwallon ƙafa tasu da ake haɗawa da hannu. Wasannin manoma ne da mutanen karkara, kamar kokowa a wurinmu. Abin da suka yi da wuri shi ne shigar da su makarantu da jami'o'i. Kofin Sigerson na ƙwallo tsakanin jami'o'i tun 1911 ake buga shi, na Fitzgibbon na hurling kuma tun 1912. Har yau 'yan wasan ba su da albashi, ko da sun cika filin Croke Park mai ɗaukar mutum sama da dubu 82, don haka kowannensu yana da karatu ko sana'a a gefe.

An ga amfanin abin. Jack Lynch ya ci kofin ƙasa shekara shida a jere, daga 1941 zuwa 1946, ya karanta shari'a a Cork da Dublin, ya zama firaminista sau biyu, daga 1966 zuwa 1973 da kuma daga 1977 zuwa 1979. Jarlath Burns, wanda ya karɓi shugabancin GAA a Fabrairun 2024, ya ci kofin Sigerson yana ɗalibin kwalejin St Mary's ta Belfast a 1989, ya jagoranci ƙungiyar yankin Armagh a fili, daga baya ya zama shugaban makarantar sakandare. Wa'adinsa shekara uku ne, in ya cika ya sauka. Wannan ma abin lura ne ga ƙasashenmu inda mutum kan shekara goma sha biyar a kan kujera ɗaya.

Kada a ce ina kwatanta giwa da tunkiya. Ailan ƙasa ce mai arziki, yaro a can ba ya barin aji don ya tafi bida bayan damina ta gaza. Amma a 1911 ba mai arzikin ba ce, ba ta ma samu 'yancin kai ba. Abin da ta yi bai ci kuɗi mai yawa ba: kofi, jadawali, da amincewar malamai cewa wasan kakanni ya cancanci shiga harabar jami'a.

Kada kuma a ɗauka duk wanda ya iya wasa ya iya mulki. Samuel Eto'o ya karɓi hukumar ƙwallon Kamaru a Disambar 2021 cikin murna, daga nan rigima ba ta yanke ba tsakaninsa da ma'aikatar wasanni, har FIFA ta hana shi halartar wasannin ƙasarsa na wata shida a 2024. Didier Drogba, duk da sunansa, ya faɗi tun zagayen farko a zaɓen hukumar Kodebuwa a 2022. Ita kanta Coventry, lokacin tana minista FIFA ta dakatar da Zimbabuwe a 2022 kan shisshigin gwamnati. Labarin George Weah ne ya fi kusa da abin da nake nufi. Ya sha kaye a hannun Ellen Johnson Sirleaf a 2005, ana yi masa gorin rashin karatu, ya koma aji a Amurka ya samu digiri a 2011, ya hau mulkin Laberiya a 2018. Ana iya saɓani kan yadda ya yi mulkin, amma ya gane abin da ya tare masa ƙofa.

A nan gida kayan aikin suna nan. Jami'ar Dosso tun 2014 aka kafa ta, tare da na Agadas da Difa da Tilaberi, bayan na Maraɗi da Tawa da Damagaram da aka kafa a 2010, ga jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Kowace jiha da ke turo 'yan kokowa goma tana da jami'a. Ga kuma makarantar INJS a Yamai mai horar da malaman wasanni. Gasar kokowa tsakanin waɗannan jami'o'i takwas, da wata tsakanin lise-lisen Dutsi da Tibiri da Dosso da Gaya, da wurare kaɗan a INJS da za a keɓe wa waɗanda suka taɓa kare sunan jiharsu, duk ba su kai kuɗin da ake kashewa a bikin buɗe gasar takobi guda ba. Waɗanda suka riga suka wuce shekarun lakwal kuma a ba su kujera mai ƙuri'a a hukumar kokowa, da mai fassara in ana buƙata.

Maganar ta zama ta gaggawa. Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, kuma gasar kokowar ƙungiyar, wadda Yamai ta sha karɓa, ita ce ta kasance babban filin da 'yan kokowarmu suka saba gwada ƙarfi da na Senegal da Najeriya. Inda za su riƙa karawa nan gaba, da wane nauyi, da waɗanne dokoki, da nawa za a biya su, duk a teburin taro za a tsayar da shi tare da Mali da Burkina Faso da duk wanda ya yarda ya shigo. 'Yan Arewa da ke Yamai da waɗanda ke ƙetare, masu tara kuɗi su aika wa zakaran garinsu in ya yi kaye, suna da ikon tambayar hukumar kokowa da ma'aikatar matasa da wasanni mutum nawa a wannan tebur suka taɓa shiga fili.