Asibiti Na Nan, Amma Ina Hanyar Zuwa?



A watan Agustan 2021, ruwa ya karya gada a ƙauyen Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka. Motoci suka rufta ciki, mutum 21 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu. To idan haka ta faru a kan titin kwalta da manyan motoci ke bi, ina ga hanyoyin burji da na ƙafa da suka haɗa ƙauyuka da Sara, Sundimina, Wurno ko Farin Dutse?

Birnin Kudu tana da babban asibitin Gwamnatin Tarayya, wanda marasa lafiya ke zuwa har daga jihohin Bauchi da Kano. Amma mai naƙuda da ke bayan rafi a tsakiyar damina, wane amfani wannan asibiti ya yi mata? A kan amalanke ko babur za a ɗauko ta, ana tafe ana tsayawa, jini na zuba. Malamin makaranta ba ya iya ƙetarawa, ma'aikacin rigakafi ya juya, manomi ya sayar da hatsinsa da arha a bakin gona domin kuɗin mota ya cinye ribar. Asibiti da makaranta da kasuwa duk suna nan, rashin hanya ne ya raba talaka da su.

Ba yau aka fara alkawari ba. A 1986 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar DFRRI don hanyoyin karkara. An ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 da sunan kusanto da mulki ga jama'a. An share hanyoyi, an zuba jar ƙasa, an yanke ƙyalle. Sai dai hanyar burji ba ta rayuwa in babu magudanar ruwa da kwalbati. Kwalbati ɗaya ya toshe da yashi da leda, ruwa ya hau kan hanya, damina biyu ta zama kwazazzabo. Mahukunta sun fi son sabuwar kwangila a kan gyara, domin gyara ba shi da biki, ba shi da kaso.

Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora ginawa da kula da ƙananan hanyoyi da magudanu a wuyan ƙananan hukumomi. A watan Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai-tsaye. Don haka shugabannin ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram su ne farkon waɗanda za a tambaya.

Aikin 'yan'uwa matasa biyu ne. Na farko, kafin ruwan fari, matasan kowace mazaɓa su fito gayya da shebur da diga, su yashe kwalbatoci, su cike ramuka. Kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. Na biyu, su zaga su rubuta kowane wuri da ruwa ke yankewa, da sunan ƙauyen da asibitin da ya fi kusa, su miƙa wa kansila da dagaci da shugaban ƙaramar hukuma a rubuce, su riƙe kwafi, su koma su ji inda aka kwana.

Gada aikin hukuma ce, kuma amana ce da za a tambaye ta gobe ƙiyama. Wanda ya gani ya yi shiru, shi ma ya shirya amsarsa.