Injin feshi: Araha ba ta ado a lambunan Tozai

A Tozai da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, injin feshi na goyo ya zama kamar fartanya. Mai lambun albasa da tattasai yana buƙatarsa da rani, mai gero da wake yana nemansa da damina. Sai dai da yawa daga masu zuwa kasuwar Illela ranar Lahadi su saye shi, tambaya ɗaya suke yi: "Nawa ne?" Wannan kuskure ne, domin injin da ya fi araha sau da yawa shi ne ya fi cin kuɗi da lafiya.

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne yoyo. Kafin a biya kuɗi, a cika tankin da ruwa, a buga hannun famfo, a duba murfi da tiyo da maƙunnin hannu. Injin da ke ɗiga a baya yana jiƙa riga da guba, ita kuma fata tana tsotsa, musamman idan ana gumi. Na biyu, a tambayi mai shago ko yana da kayan gyara: robobi, tiyo da bakin feshi. Injin mai batir yana rage gajiya, amma a ƙauyen da caji sai an je shago, na hannu mai lita 16 ya fi rufa asiri.

Bakin feshi kuwa shi ne inda aka fi yin sakaci. Mai watsa ruwa a shimfiɗe kamar mafici na maganin ciyawa ne. Mai fitar da ruwa a zagaye, da ƙananan ɗigo, shi ne na ƙwari da cututtukan ganye. Ganyen albasa yana da santsi, manyan ɗigo gangarewa suke yi su faɗi ƙasa, ƙwarin da ke ɓoye a wuyan ganye su sha da ƙyar. Daga nan sai manomi ya ce magani jabu ne, ya ninka awo. In da hali, a ware injin ciyawa daban, domin ragowarsa a tanki na iya ƙone shuka.

Batun awo ma ba na murfin kwalba da kintace ba ne. A auna fili mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, a fesa ruwa zalla da irin tafiyar da aka saba. Idan lita 2 ta tafi, kadada ɗaya za ta ci lita 200, wato tanki 12 da rabi. Idan takardar magani ta ce lita ɗaya ga kadada, kowane tanki mililita 80 zai sha, ba ƙari. Wannan lissafi na minti goma yana ceton kuɗin da ake zubarwa a ƙasa.

Akwai masu cewa talaka ba shi da kuɗin safar hannu da takalmin roba da takunkumi, kuma zafin Sakkwato ba ya barin mutum ya rufe jiki. Maganar tana da tushe. Amma mafi yawan kariyar kyauta ce: yin feshi da sanyin safiya ko la'asar, dakatawa idan iskar hunturu ta taso, kada a hura bakin feshi da baki idan ya toshe, kada a ci goro ko a sha taba ana aiki, a yi wanka da sabulu bayan an gama. Kada a ɗora wa yaro injin, kada a zuba mai ko ruwan sha a kwalbar da ta ƙare. Wanda jiri ko amai ko dalalar miyau ya kama, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin.

Zama a bakin iyaka ya ƙara nauyin. Kaya na shigowa ta Birnin Ƙwanni, wasu da rubutun Faransanci da mai saye ba ya iya karantawa. Hukumar NAFDAC ta sanar da haramta maganin ciyawa na paraquat daga farkon 2024, amma sanarwa daga Abuja ba ta kwashe kwalba daga kan tebur. Kuma illar ba ta tsaya a gona ba: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya saboda yawan ragowar maganin dichlorvos a cikinsa. Yankin da ke tinƙaho da albasar da ake lodawa zuwa Kudu da ƙasashen maƙwabta bai kamata ya jira irin wannan ta faɗa masa ba.

Don haka aikin ba na manomi kaɗai ba ne. Hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar da ƙaramar hukuma su tura malaman gona Tozai da Kalmalo da Araba kafin lokacin dashe, su horar da matasan da ke feshi a biya su, su koya musu awo da gyara. Ƙungiyoyin manoman albasa su matsa wa 'yan kasuwa lamba su riƙa kawo kayan gyara da magani mai lambar rajista. Rigakafi dai ya fi magani, ko da a gona ne.