Wa ke riƙe da mabuɗin mabuɗai?

Duk inda ake lissafin albashi, ko kuɗin duwan, ko ajiyar banki, akwai babbar na'ura mai riƙe da rumbun bayanai. Na'urar nan ba ita kaɗai take aiki ba: takan ƙwanƙwasa ƙofar wata na'ura don ta ɗauko lissafi ko ta kai ajiya. A can ma sai ta faɗi suna da kalmar sirri. To, ina take ɓoye su?

Kalmar sirrin da ma'aikaci ke bugawa da safe, niƙe ta ake yi kafin a adana. In ya sake bugawa, sai a niƙa a gwada gari da gari. Gari kuwa ba ya komawa hatsi. Amma kalmar da na'ura za ta miƙa wa ƴar'uwarta dole ta fito yadda take. Ke nan kulle ta kawai ake iya yi, mabuɗin kuma yana nan cikin gida.

Kowane tsari da dabararsa. Oracle ya daɗe yana ajiye irin waɗannan kalmomi a fili, sai a 2005 ya soma lulluɓe su. SQL Server na kamfanin Microsoft yana kulle su da wani babban mabuɗi wanda Windows ke gadi. Duk da haka, a 2014 masu bincike sun nuna cewa mai cikakken iko a kan na'urar yana iya warware su. PostgreSQL kuwa a fili yake rubuta su, cikin jadawalin da babban mai kula kaɗai ke buɗewa kai tsaye.

Ashe maganar ta koma kan mutum. Wanda aka damƙa wa rumbun, an damƙa masa ƙofofin maƙwabta ma, ko da darekta bai sani ba.

Saboda haka, shugaban ma'aikata da mai kamfani su tambayi masanin kwamfutarsu abu uku. Mutum nawa ke da cikakken iko? Kalmar da aka ba na'ura, ɗaki guda take buɗewa ko gida duka? Ran da ma'aikaci ya bar aiki, an canza ta? In ba a canza ba, ya tafi da mabuɗin a ka, kuma ba mai gadin da zai gan shi a bakin ƙofa.